Garwashi ɗaya, motar kwana-kwana biyu

Tun da na zo Manchesta ta Ingila karatu, duk wanda ya kira ni tambayarsa ɗaya ce: ya sanyi, ya abinci, ya Turawa? Ni ma amsata ɗaya, lafiya lau, alhamdu lillahi. To yau zan faɗi wanda ban faɗa ba, don na san Yaya ya riga ya kai wa Umma rabin labarin, rabin labari kuwa a bakin Yaya gara ma ba a fara ba. Ana saura kwana biyu Kirsimeti, wajen sha ɗayan dare, ni ɗin nan 'yar Anguwar Rogo ta Jos na fito da mutanen bene mai hawa shida waje cikin yayyafi, da garwashin da bai fi murfin kwalbar lemo girma ba.

Ku bari in faɗi yadda aka yi har na kunna shi. Makaranta ta ba da hutu, 'ya'yan Turawa sun ja akwatunansu sun tafi wajen iyayensu, gidan ɗalibai ya rage sai mu baƙi: 'yan Indiya, 'yan Sin, 'yan Najeriya da Larabawa kaɗan. Ɗalibi baƙo awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako in ana karatu, amma da hutu an sakar masa mara, sai na kwashi aiki a gidan kula da tsofaffi kamar wadda ake bi bashi. Kwana goma sha biyu ina fita cikin duhu ina dawowa cikin duhu. A watan Disamba rana sai bayan ƙarfe takwas take leƙowa, in ma ta ga dama, kafin huɗu kuwa an yi Magariba. Ki ɗan kishingiɗa bayan La'asar, ki buɗe ido gari ya rufa. Mu da muke yi wa baƙin Kano dariya in sun zo Jos da hunturu suna karkarwa, ashe mu ma yara ne. Sanyinmu busasshe ne, kuma yana da kunya: hantsi na dubawa zai ja da baya, ki fito da tabarma jikin katanga ki sha rana da kofin kunun gyaɗa a hannu. Na nan jiƙaƙƙe ne, bai san safe ba bai san yamma ba, ta ɗinkin riga yake bi ya shiga ƙashi.

Ina cikin wannan hali ƙawata ta kira ni. Tare muka yi Jami'ar Jos, 'yar Birom ce daga Bukuru, yanzu nas ce a nan, suna zaune da mijinta a wata unguwa can bayan gari. Ta ce, "Ke, kar ki kuskura ki zauna ke kaɗai ranar Kirsimeti. Ki zo tun jajibere ki kwana, don ranar ba bas ba jirgin ƙasa. Kazar wajen mahautanku na saya, kar ki fara mini tambaya." Na ajiye waya na dubi madubi. Kai kamar sheƙar tsuntsu, ƙafa ta yi kaushi kamar ta mai dako a Farin Gada. Na ce wallahi ba zan je gidan mutane haka ba, sai na ware rana guda na yi wa kaina gata.

Kitso na fara nema. A nan ba a aiken yaro a ce je ka gaya wa mai kitso ina zuwa. Waya za ki ɗauka ki zaɓi rana da awa, ki biya kafin alƙalami, in kin makara da kwata guda kuɗinki ya bi ruwa. Wadda ta yi mini 'yar ƙasarmu ce, ta karɓi fam 45 a shukun da ba wani ado a jikinsa, kuma ba zan juya muku shi zuwa naira ba, kar jinin Umma ya hau. Amma fa a faɗi gaskiya, ƙarfe goma ta ce, ƙarfe goma ta fara. Ba ta tashi duba tukunya ba, ba ta tsaya ba yaro nono ba, ba ta ce bari in gama wa wannan 'yar makaranta tukuna ba. Awa ɗaya da rabi na fito kaina tsaf, kunnena fayau. Ko gulma ɗaya ban ji ba. Mai kitson layinmu za ta wuni da kanki a tsakanin gwiwoyinta, ta ja miki gashi har girarki ta ɗaga, amma kafin ki miƙe kin san wa aka sa wa rana, wa ta yi yaji, wa ya ƙara aure a ɓoye.

Daga nan na hau bas zuwa titin Wilmslow a Rusholme, inda shagunan 'yan Pakistan da Larabawa suke jere. Na tambayi dayis, mai shagon ya miƙo mini, da na ce a hannu zan zana sai ya janye kwalinsa. Ya ce na gashi ne, dokar nan ba ta yarda a sa sinadarin cikinsa a fata ba, yana ƙona mutane. Na so in yi masa gardama sai na tuna hannun 'yar Kawu da ya yi bororo ana saura kwana biyu bikinta, aka ce baki ne. Na haƙura na sayi garin lalle da salatif, da ɗan kunshin gawayi irin zagayayyen nan mai kamawa nan take.

Gawayin shi ne maganar. Ranar da zan taho, bayan an cire kilishi da dambun nama daga akwatina don ba a shiga da nama ƙasar nan, Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta damƙa mini kwalba biyu naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ɗaya farar humra, ɗaya turaren wuta, haɗin wata 'yar Maiduguri da ta daɗe tana saye a hannunta: sandal da hawi da gabgab, an soya su da sukari har sun yi baƙi suna ƙyalli. Ta ce, "Mace ba ta zama ɗaki ba ƙamshi, ko a ina ne." Wata uku ina buɗe kwalbar in shaƙa in rufe. Daren nan na ce yau kam sai na kunna.

Na yi wanka da ruwan zafin famfo, wanda shi kam ba zan gaji da yabonsa ba, ki murɗa ya zo, ba ɗora tukunya, ba surki, ba jiran a kawo wuta. Na shafe jikina da mai, na ɗaura zani. Na kunna gawayi na ɗora a ɗan kaskon da na zo da shi, na barbaɗa turare. Kabbasa babu, sai na tura kaskon ƙarƙashin kujerar karatu na lulluɓe ta da doguwar rigar da zan sa da mayafinta. Taga a rufe ruf. Har tawul na cusa a ƙasan ƙofa don kar ƙamshin ya zurare mini a banza. Sannan na zauna bakin gado na manna salatif a ƙafa, na dambara lalle, na ƙunsa a leda na ɗaure. Jama'a, minti goman da suka biyo baya ban ji daɗin wani lokaci kamarsu ba tun zuwana ƙasar nan. Na lumshe ido, ɗakin ya koma ɗakin Gwaggo daren jajiberen Sallah, har kamar ina jin ana jajjage a tsakar gida.

Sai ƙara ta tsaga ginin.

Farin abin nan mai kama da faifai da ke manne a silin shi ne yake ƙyafta mini jan ido. Ba wai ban san shi ba ne, duk mako sukan gwada ƙararrawar na ɗan lokaci da rana. Ni dai ban taɓa haɗa ta da turarena ba, a lissafina gobara daban, ƙamshi daban. Ashe ita ba ta san sandal ba, hayaƙi kawai ta sani, kuma duk na ginin a haɗe suke, ɗaya ta yi kuka duka sun amsa. Na rarumi buta na kwara wa kaskon ruwa, ya yi cuuu, tururi da hayaƙi suka turnuƙe. Na zura dogon hijabi a kan ɗaurin ƙirji na ɗora rigar sanyi. Takalmi ya ƙi shiga saboda ƙunshi, sai silifas na taka da rabin ƙafa. In ƙararrawa ta tashi ba a shiga lif, kowa ta matakala, ni kuwa a hawa na biyar nake. Haka na biyo ayari, leda tana ƙwaras-ƙwaras, kowa na waiwaye yana neman inda ƙarar take fitowa, ni ma ina taya su waiwayen.

A waje akwai filin da aka ware don taruwa. Mun fi mutum hamsin. Wani da gajeren wando ya yafa bargo, wata da kumfar sabulu a ka, wani ɗan Sin ya rungume kwamfutarsa kamar jariri. Na laɓe can baya ina jan hasbunallahu, ina roƙon Allah ya sa wani ne ya ƙona burodi a kicin a daidai lokacin. Na duba waya sa'ad da muka fito, na sake dubawa da na ji jiniya: minti goma bai cika ba. Motar kwana-kwana biyu, fitilunsu shuɗɗa suna wulƙawa jikin bango, mutane suka diro da kayan aikinsu a jiki, ba wanda ya tsaya tambayar wa zai ba da kuɗin mai.

A bakin ƙofar shiga akwai wani allo da ke nuna ɗakin da ƙarar ta taso. Mai gadi ya duba, ya juyo ya kira lambar ɗakina da ƙarfi. Na yi tsit. Ya sake kira. Ashe ko ban amsa ba ƙafata ta riga ta amsa: tun a bakin ƙofata ledar hagu ta ɓule ban sani ba. Wani ya haska ƙasa da fitilar waya, ga sawu nan ɗaya bayan ɗaya, kore-kore, ya fito daga cikin gini ya ratsa tsakiyar taro ya zo ya tsaya daidai inda nake. Wata 'yar Indiya ta sunkuya ta shinshina, ta kwashe da dariya ta ce lalle ne, ta shiga yi wa sauran bayani. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗaga hannu kamar 'yar aji uku da aka kama da rogo a aljihu.

Sai da suka hau suka tabbatar ba wuta sannan aka kira ni. Wadda ta tsaya da ni mace ce, da ta cire hular ƙarfen sai ga furfura, za ta yi sa'ar Umma. Na gama shirin shan faɗa. Sai ta ɗauki kwalbar Gwaggo ta kai hanci, ta lumshe ido, ta ce ba ta taɓa jin ƙamshi irinsa ba, wai ina ake sayarwa. Har na fara sakin jiki ina mata bayanin Maiduguri, idonta ya kai kan tawul ɗin da na toshe ƙofa da shi, ta dubi taga, fuskarta ta sauya. Ta ce ba hayaƙin da ake gani ne ya fi damunta ba, akwai wanda ba a gani. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska da ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta tare gurbin iskar da muke rayuwa da ita. Ciwon kai take fara sawa, sai jiri, sai barci mai daɗi, wani daga barcin nan ba ya tashi. Ta ce nawa ɗan mitsitsi ne, amma da irin wannan sabon ake kai wa ga babba. Sannan ta tambaye ni, a garinku kuna kwana da gawayi a ɗaki?

Na ce a'a. Ƙarya na shara mata. Kun fi ni sanin cewa daga Disamba zuwa Janairu babu daren da Gwaggo ba ta shiga da kaskon wuta ta ja ƙofa ta sa sakata. Ni kaina na sha kwana a ɗakin, mu tashi da asuba kai na sarawa, a ce sanyi ne ya kama mu, a haɗa mana shayi da citta.

Ƙarfe ɗayan dare ta same ni durƙushe a matakala da soso da bokiti ina goge sawuna, hawa biyar. Da safe aka turo mini takarda daga ofishin gidan, da hoton shafin yarjejeniyar da na sa wa hannu: ba kyandir, ba turaren wuta, ba duk wani abu mai ci da wuta a ɗaki. Tara fam 50. Shafi ashirin da wani abu ce yarjejeniyar, ni kuwa na ƙarshe kawai na buɗe, inda ake sa hannu, yadda muka saba. Ƙunshin kuma, ƙafar dama ta kama jawur, ta hagu ta fito dabbare-dabbare kamar taswira.

Ba zan ɓoye muku ba, wunin nan haushi na wuni ji. Ƙasar da kare ke shiga bas ya zauna kusa da ke, ƙasar da warin wiwi ke dukan hancinki a tsakiyar gari da rana tsaka, ita ce ba za ta iya jure sandal na minti goma ba? Ɗakin da nake biya da gumina, ba ni da ikon turara rigata a ciki? Ina cikin wannan ƙunar wani ɗan ƙasarmu da ke hawa na biyu ya tare ni a kicin, yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Anti, ai ke ce ba ki tambaya ba. Safa ake sa masa. Ki hau kujera ki rufe shi da safa, ki yi turarenki har safe." Har na buɗe baki zan yi godiya, sai maganar ta tsaya mini a wuya. Mutum ya tsallako teku, ya biya miliyoyi, abin da ya fara koya shi ne yadda za a toshe bakin abin da zai tashe shi in gini ya kama.

Ban yi wayo ba lokacin da kasuwar Taminus ta Jos ta ƙone a watan Fabrairun 2002, amma a cikin tokarta na tashi. Baba na da shagon yadi a ciki. Abin da na sani na ganin idona shi ne tebur da lema a gefen titin Ahmadu Bello, da yadda har ya rasu in mun zo wucewa ta gaban kangon yake kau da kai ya kama wata hira. Kasuwar da ake zuwa kallo daga wasu jihohi, shekara ashirin da ɗoriya ba ta dawo ba. Ta Sabon Gari a Kano ta ci a 2016. Duk hunturu sai mun ji wata, mu ce Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba, mu koma gida mu tarar da jarkar fetur a bayan ƙofa, janareta na ci a baranda kusa da tagar yara, hitar ruwa a bokiti an manta da ita tun ɗauke wutar safe. Lungun da mota za ta bi mun cinye shi da shago da soro. In 'yan kwana-kwana sun iso a makare mu bi su da jifa, ba mu tambayi ko an ba su ruwa da mai ba, ba mu tambayi ta ina za su shigo ba. Ni kuma ga ni an turo mini mota biyu saboda garwashi ɗaya, har ana tambayata sunan turare.

Kar ku ɗauka su mala'iku ne. A watan Yunin 2017 benen Grenfell mai hawa 24 ya ƙone a Landan, mutum 72 suka mutu, akasarinsu talakawa da baƙi irinmu. Daga firji wutar ta tashi, ta bi wani rufi mai ci da wuta da aka lulluɓe ginin da shi, kuma mazauna gidan sun daɗe suna kuka ba a saurare su ba. Sai dai su ba sa barin magana ta kwanta. An yi shekaru ana zaman bincike a bainar jama'a, rahoton ƙarshe ya fito a Satumban 2024 da sunayen kamfanoni da hukumomi ɓaro-ɓaro. Tun 2015 doka ta wajabta wa mai gidan haya a Ingila ya sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa. Gobarar Landan ta 1666, wadda ta tashi daga gidan burodi, har yau ana koya wa 'yan firamare labarinta. Mu wane yaro ne a Jos aka taɓa zaunar da shi a aji aka gaya masa yadda Taminus ta ci?

Su nasu ƙamshin a kulle yake cikin kwalba. Lokacin Kirsimeti shaguna cike suke da kyandir mai ƙamshin kirfa da kanumfari da ɓawon lemo, da wasu ƙwallaye na Lush da ake jefawa a bahon wanka su narke ruwan ya koma ruwan hoda. Kyandir an hana ni, baho ba ni da shi, sai na sayi irin tsinkayen nan da ake tsomawa a kwalbar turare. Ɗakina yanzu yana ƙamshin asibitin masu kuɗi. Ba ya kama kaya, ba ya bin mutum in ya wuce, ba mai shiga ya ce wa ya zo. A kasuwar Kirsimeti ta tsakiyar gari kuwa, wadda suke kafawa da rumfunan katako tun watan Nuwamba, na sha koko mai zafi da kirim a kai, na ji daɗinsa ƙwarai, sai dai kafin ki kai baki sai kin tambaya ko an ɗiga giya, naman da ke ƙamshi a rumfar kusa kuma na alade ne. Har kofin sai kin ajiye masa kuɗi, ki dawo da shi a mayar miki. Ba tayi, ba albarka, ba gyara.

Jajibere na isa gidan ƙawata ina ɗingisa kunya. Tana buɗe ƙofa ta rungume ni, sai ta ƙi saki. Ta cusa hanci a mayafina ta ce, "Wayyo, ƙamshin gida." Da ta ɗago idonta ya kawo ruwa. Na ba su labari, mijinta ya yi dariya har ya sauko daga kujera. Washegari gari ya yi tsit kamar an yi shara. Manyan shaguna doka ce ta hana su buɗewa ranar tun 2004, kowa na cikin gidansa ya ja labule. Na tuna Jos a rana irin wannan, yara da sababbin kaya sun cika gidan zu da wurin shaƙatawa na namun daji, ga ƙarar nokawut ta ko'ina. Umma takan ba mu labarin yadda kafin rikicin 2001 kwanon shinkafa da cincin ke shigo mana daga maƙwabta ranar Kirsimeti, namu ya fita ranar Sallah. Ni na tashi unguwanni sun riga sun rabu. Sai da na zo Ingila na ci abincin Kirsimeti a gidan 'yar Bukuru: gwate da yakuwa da gauta, kaza, da gasasshen dankali.

Dankalinsu a wanke yake, kansa ɗaya kamar an auna, ba ƙasa ba ruɓaɓɓe a ƙasan buhu, amma bai kai na Bokkos garɗi ba. Abin da ya ba ni takaici shi ne sitroberi. Ta sayo roba biyu don ta burge ni, manya-manya jawur, an rubuta daga Masar. Muka gatsa muka dubi juna. Ruwa ne kawai aka yi wa fenti. A daidai wannan watan ne na wajen garin Bom ke fara shigowa Jos, ƙanana, wasu a ɗan lotse, ki tsaya a bakin titi ki taya, ki ci rabi kafin ki isa gida, yatsunki su wuni suna ƙamshi.

Ran 26 aka buɗe kasuwa da ragin da suke yi duk shekara, har rabin kuɗi. Na tafi da wani takalmin sanyi da na saya mako biyu baya ya matse ni, na shirya dogon bayani tun a bas. Yarinyar ta duba rasit, ta duba ƙasan takalmin, ta ce in ɗora katina, shi ke nan. Na tsaya ina jiran a ce Hajiya ai kin riga kin fita da shi, ko a ce mai shagon ba ya nan, sai na ga tana kiran na bayana. Da kuɗin na shiga shagon kayan gini na sayi abu biyu: ƙararrawar hayaƙi ɗaya don falo, da ɗaya mai jin iskar gawayin nan don ɗakin Gwaggo. Akwai mai tahowa Abuja a watan Janairu, Yaya zai karɓa a tasha.

Da na kira na faɗa, Umma ta ce, "Abin da ya tona miki asiri a Turai shi za ki aiko ya tona mana a unguwa? In ina suya fa?" Yaya daga gefe ya ce wane irin batir suke ci, irin na rimot ne? Na ce a'a, a rufe yake ciki, shekara goma yake yi, ba ya ciruwa. Ya yi shiru. Aka miƙa wa Gwaggo waya, na ce Gwaggo don Allah ki riƙa ɗan buɗe taga in kin shiga da kasko. Ta ce ta ji. Sannan ta rage murya ta ce, "To rigar fa, ta kama?"